Zan kashe sabar alhali rassa suna haɗe da ita, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin taki da iri a nan Gombe. Rumbun bayananmu PostgreSQL ne, yana kan sabar babban ofis (babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan), rassan Bajoga da Kaltungo kuma ta intanet suke shigar da ciniki. Ranar Asabar za a canza batiran inbata, dole a kashe sabar. Yaran rassa kuwa ba sa fita daga manhaja, haka suke barin kwamfuta a kunne su tafi gida. In na kashe suna ciki, ina makomar rasitin da ake tsakiyar rubutawa?

Wani daga Tumfure: Wa alaikumus salam. Buga pg_ctl stop -m smart (pg_ctl shi ne umarnin kunna PostgreSQL da kashe shi). Yana hana sabon shiga, ya jira kowa ya fita.

Wata injiniya daga Bauchi: Ƙanena, da irin yaran da ka kwatanta, smart zai sa ka kwana a ofis, don ko mutum ɗaya ya rage ba za ta mutu ba. Sa fast a madadin smart. Cinikin da aka riga aka tabbatar yana nan daram. Wanda bai kammala ba za a janye shi gaba ɗaya kamar ba a fara ba, a sallami kowa, sabar ta rubuta komai a faifai sannan ta rufe. Tun sigar 9.5 ma shi pg_ctl ke zaɓa in ba ka faɗi komai ba. Amma ka fara leƙa pg_stat_activity, jerin da ke nuna waɗanda ke haɗe da abin da kowa ke yi. Mai idle, wato ba ya aikin komai, ƙyale shi. Wanda ka gani active (yana cikin aiki) ko idle in transaction (ya fara bai kammala ba), kira reshensa ka ce su ƙarasa.

Wani dattijo a harkar: Ka nisanci immediate da kill -9, wato kashewar nan take da ƙarfi, balle zare waya. Da immediate sabar sai ta bi WAL, kundin da take rubuta canje-canje a ciki, ta gyara kanta in ta tashi, kana tsaye oga na tambayarka. Ka ɗauki kwafin bayananka da pg_dump tun daren Juma'a, a wani faifan daban.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya ƙara ilimi. Yaya, in sabar ta dawo manhajar rassa za ta haɗu da kanta?

Injiniyar: Wannan sai yadda aka gina ta. Ka ce su rufe su sake buɗewa, kuma su duba lambar rasiti na ƙarshe kafin su maimaita shigar da komai. In ba haka ba buhu goma sai ya koma ashirin a lissafi.