Neman kalmar Hausa: me za mu kira "stored procedure"?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta ɗan littafin koyarwa da Hausa domin matasan da muke horarwa a nan Sakkwato kan aikin haɗa bayanai, kuma na tsaya a kan abin da Turawa ke kira "stored procedure". Ga waɗanda ba wannan ne fagensu ba, abin da ake nufi shi ne jerin jimlolin SQL, wato harshen da ake yi wa rumbun bayanai magana da shi, da aka rubuta sau ɗaya, aka raɗa musu suna, aka adana su a cikin rumbun bayanai kansa, ta yadda duk manhajar da ke da izini za ta ambaci sunan kawai, rumbun ya aiwatar da abin da ke ciki. Babin da nake kai ya shafi yadda manhajojin haɗa bayanai, irin su Pentaho, Talend, Informatica da SSIS na Microsoft, suke kiran wannan abu a tsakiyar aikinsu na ɗebo bayanai daga wani wuri, su gyara, su zuba a wani wurin. Na fara rubuta "ajiyayyen aiki", amma ina son jin ta bakin malamai kafin a buga.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi dabara da ka tambaya, domin "ajiyayyen aiki" zai kai ɗalibanka inda ba ka nufa ba. Idan Bahaushe ya ce wane ya ajiye aiki, murabus ya yi, kuma aikin da aka ajiye shi ne wanda aka jingine ba a ƙarasa ba, alhali abin da ka bayyana kullum a shirye yake, jiran kira kawai yake yi. "Adana" ta fi dacewa, tunda ita ce kalmar killace abu mai amfani a inda za a same shi lafiya ranar buƙata. Rabin farko ke nan, wato "stored". Rabi na biyu, "procedure", sai masu sana'ar sun gaya mana kalmomin da suka riga suka ba wasu abubuwa, kada mu ɗora wa kalma ɗaya kaya biyu.

Malama mai kula da rumbun bayanai: Allah ya gafarta Malam, "aiki" kam ta riga ta tafi. A Talend da Pentaho, shirin da mutum yake tsarawa ya gudana daga farko har ƙarshe sunansa "job", kuma da Hausa aiki muke ce masa. Pentaho kuma tana kiran kowane akwati da ke cikin zanenta na gyaran bayanai "step", wanda muka saba fassarawa da mataki, har ma akwai matakin da sunansa "Call DB Procedure". Saboda haka "adanannen aiki" da "adanannun matakai" duk za su rikita mai karatu a cikin jimla ɗaya. "Tsari" kuwa ta gaji, domin komai na kwamfuta tsari ake ce masa.

Bari in nuna abin a aikace, wataƙila kalmar ta fito daga nan. A ce mai sayar da taki yana da shaguna a Tambuwal da Wurno da Gwadabawa, kowane dare manhajar haɗa bayanai tana kwaso cinikin yini daga shagunan ta zuba a rumbu ɗaya. Bayan zubawa ana son a rage adadin buhunan da ke sito, a ƙara bashin waɗanda suka karɓa ba su biya ba, a fitar da jimillar kuɗin ranar. Ana iya jawo dukkan bayanan zuwa cikin manhajar a yi lissafin a can, a sake mayar da su. Ana kuma iya rubuta lissafin sau ɗaya a cikin rumbun, a sa masa suna rufe_lissafin_yini, manhajar ta aika da kwanan wata kawai, ta jira amsa. Bambancin kamar na wanda zai fito da duk hatsin da ke rumbu tsakar gida domin ya auni tiya goma ne, da wanda zai gaya wa na ciki ya auna ya miƙo. Duk kalmar da za mu zaɓa, ya kamata ta bar wa ɗalibi wannan fahimta cewa a cikin rumbun ake yin lissafin, manhajar kira kawai take yi.

Wannan fahimta ce take hana kuskuren da sababbin hannu suka fi yi. Matakin Pentaho da na ambata, da kuma takwaransa na SSIS mai suna OLE DB Command, suna yin kiran ne sau ɗaya a kan kowane layin bayanai da ya ratsa su, don haka idan layuka 50,000 suka zo, kira 50,000 za a yi, kowanne da zuwansa da dawowarsa. Wanda ya gane inda lissafin yake gudana zai zuba layukan gaba ɗaya a teburin wucin gadi, sannan ya yi kira guda a ƙarshe, wanda a SSIS Execute SQL Task ne ake amfani da shi.

Matashi mai rubuta manhaja: Malamaina, a yi mini afuwa, amma a ofis "furosija" muke cewa, ko mu taƙaita mu ce SP, kuma kowa yana ganewa. Tunda mun karɓi kwamfuta da intanet, ban ga dalilin da zai hana mu karɓi wannan ba, musamman ganin cewa CREATE PROCEDURE ɗalibin zai rubuta da hannunsa ko ya so ko bai so ba.

Malamin Hausa: Ɗana, maganarka tana da tushe, kuma ba na ƙin aro, domin da aro harshen nan ya girma tun zamanin da malaman Sakkwato suke shigo da kalmomin Larabci cikin waƙoƙinsu na ajami. Sai dai kwamfuta abu ce da ake gani a taɓa, ko sunan bai faɗi komai ba ido zai cike giɓin. Wannan kuwa ba a ganinsa, kuma "furosija" ta yar da rabin ma'anar, wato adanawa a rumbu, wadda Malama ta nuna mana ita ce ginshiƙin darasin. A baki ku ci gaba da faɗin abinku. A littafi ina ba da shawarar "adanannen umarni". Umarni a Hausa ba lallai ne ya zama magana ɗaya ba, domin shugaba yakan ba da umarni guda mai ɗauke da abubuwa goma da za a yi bi da bi, kuma umarni zartar da shi ake yi. Kowane SELECT ko UPDATE da ke ciki sai a bar masa sunan jimla, kamar yadda mai tambaya ya riga ya rubuta. Jam'in kuma "adanannun umarni" ya wadatar.

Malama mai kula da rumbun bayanai: Na gamsu, Malam, kuma zartarwa da ka ambata ta warware mini wani abu. A cikin ire-iren rumbunan bayanai, MySQL, wadda ta samu damar adana umarni a sigarta ta 5.0 a 2005, da PostgreSQL, wadda sai a siga ta 11 a 2018 ta kawo CREATE PROCEDURE, duk CALL suke amfani da ita, SQL Server kuwa EXEC. Sai mu raba kalmomin biyu bisa mai aikatawa, mu ce manhaja ta kira, rumbu ya zartar. Game da IN da OUT da INOUT, wato ƙimomin da ake aika wa umarnin ko yake mayarwa, ni "gurbi" nake cewa, domin a kiran da ke bi ta JDBC, hanyar da manhajojin Java suke magana da rumbu, alamar tambaya ake sakawa a inda ƙimar za ta zauna: gurbin shiga shi ne kwanan watan da aka aika, gurbin fita shi ne jimillar kuɗin da ta dawo, na ukun kuma gurbin shiga da fita. Abin da ban yarda a haɗa da wannan suna ba shi ne "function", domin ita tana dawo da ƙima kuma ana iya saka ta a tsakiyar jimlar SELECT, wanda ba a yi da adanannen umarni.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya ƙara sani. Na gyara kan babin ya koma "Kiran adanannen umarni daga manhajar haɗa bayanai", kuma jimlar farko yanzu tana cewa: "Bayan an gama zuba cinikin yini a teburin wucin gadi, manhaja za ta kira adanannen umarni sau ɗaya, ta saka kwanan wata a gurbin shiga, rumbu ya zartar, ya mayar da jimillar kuɗi ta gurbin fita." Maganar "function" zan buɗe mata nata zauren idan na iso babinta, kuma Malama, ina roƙon ki zo da misalin rumbun Oracle, tunda a harshensa na PL/SQL ana iya tara su biyun a cikin ƙunshi ɗaya.