Wa ya taɓa kai wa likita abin da agogonsa ya ɗauka, kuma aka karɓa?

Abban Sadiƙ: Assalamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan ina fama da faɗuwar gaba. Ina zaune lafiya sai zuciya ta kama dukan uku-uku, minti biyar ko goma ta lafa. Sau biyu ina zuwa asibiti, a kwantar da ni a manna mini wayoyin nan guda 10 a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, takarda ta fito lafiya ƙalau. Likitan har yana zolayata, wai ciwona kunyarsa yake ji. Yanzu ƙanina da ke Ingila ya aiko mini da agogo mai gwajin ECG, wato irin gwajin wutar zuciyar nan da ake mini da wayoyi a asibiti. Kafin in je in ba da kaina, waɗanda suka taɓa gwadawa ku gaya mini, an saurare ku ko an yi muku kallon 'yan gayu?

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Mu dai an saurare mu, amma ba a karon farko ba. Hajiyarmu ce, shekararta 68, ga hawan jini ga suga. Ranar bayan isha'i ta ce mini ƙirjinta na rawa kamar an saki tantabara a ciki. Na cire agogona na ɗaura mata, na sa ta ɗora hannun a kan cinya, yatsan ɗaya hannun a kan maɓallin gefe, ta yi shiru na daƙiƙa 30. Ya rubuto AFib, wato bugun zuciya mai hargitsi da ba ya zuwa a jere. Muka sake sau biyu, duk haka.

Da safe na miƙa wa likita waya, ya ɗaga hannu ya ce shi ba ya duba mara lafiya da agogo. Raina ya ɓaci, ban ce komai ba. Na fita na tura zanen a matsayin PDF, aka buga mini a shagon kwamfuta da ke bakin ƙofa, na dawo. Da ya ga takarda sai ya gyara tabarau. Ya sa bakin biro yana auna tazarar da ke tsakanin tsinin nan masu tsayi, ya nuna mini babu biyu da suka zo daidai, kuma ɗan tudun da ya kamata ya gabaci kowane tsini babu shi. Nan take ya rubuta gwajin asibiti da hoton zuciya da na maƙoshi. Daga baya aka ɗora ta a kan maganin tsinka jini, saboda irin wannan bugun yana sa jini ya daskare a zuciya ya tafi ƙwaƙwalwa, a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Abban Sadiƙ, ka buga a takarda, ka rubuta lokaci da abin da kake yi a gefe.

Ɗan Tasha: Ni nawa a kasuwar waya na saya, mai shagon ya rantse har suga yana aunawa. Na ɗaura wa gorar ruwa, ya ce bugunta 78, hawan jininta daidai. Gorar ta fi ni lafiya.

Likitar Dare: Ɗan Tasha, Allah ya ƙara wa gorarka lafiya. Amma ka taɓo inda matsalar take, don abu biyu mutane ke haɗawa. Koren hasken da ke ƙasan agogo ba ya ganin wutar zuciya, yawan jinin da ke kai-kawo a ƙarƙashin fata yake ƙiyastawa. Motsi, sanyi, ko sakin madauri duk suna ruɗa shi. Wanda kake ɗora yatsa kuwa ECG ne na gaske, sai dai ta kusurwa ɗaya, namu na asibiti ta kusurwa 12 yake kallo. Apple ya fara sa shi a agogonsa na Series 4 a 2018, sauran kamfanoni irin su Samsung da Fitbit suka biyo.

A 2019 masu bincike na jami'ar Stanford suka fitar da sakamakon nazarin mutum sama da 400,000 masu agogon. Kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne suka sami saƙon gargaɗi, kuma cikin waɗanda aka bi su da na'urar mannawa a ƙirji daga baya, kusan ɗaya cikin uku ne aka kama da AFib ɗin. Wato saƙo dalilin zuwa asibiti ne, bai kai a fara magani a kansa ba. Zanen daƙiƙa 30 kuma, ƙa'idojin likitocin zuciya na Turai na 2020 sun yarda a tabbatar da ciwon da shi, muddin likita ne ya karanta da idonsa.

Ni abin da ke gajiyar da ni shi ne mutum ya shigo da hotunan allon waya na wata shida, ga layi har waje. Ba zan iya ba wallahi. Kawo mini zane uku: biyu lokacin da abin ya taso, ɗaya lokacin da kake lafiya. Sannan don Allah, in ƙirji ya yi nauyi, da gumi, ciwo na sauka hannu ko muƙamuƙi, a bar agogo a nemi mota. Ba ya gane toshewar jijiyar zuciya, kamfanonin ma da kansu sun rubuta haka.

Yayan Mai Jego: Gaskiya ne Likita. Ƙanwata bayan haihuwarta ta uku, agogon kullum cewa yake tsarin bugun daidai ne. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne jadawalin dare: tana barci amma bugun bai sauko ƙasa da 110 ba, kwana huɗu a jere, ga kumburin ƙafa, ba ta iya kwanciya sai da matashi uku. Tsofaffin gida suka ce jego ne, a ƙara wankan ruwan zafi da kunun kanwa. Na dage muka je. Hoton zuciya ya nuna ta yi rauni, irin ciwon nan da ke yawan kama masu jego a ƙasar Hausa. Likitan bai ko kalli zanen ba, jadawalin daren ya kwafa a katinta.

Mai Kwamfuta: Ni ta ɓangaren ciro bayanan na sha wuya. Aikin kammala karatu nake, na ce bari in fitar da komai daga manhajar lafiya ta iPhone. Ta ba ni ƙunshi ɗaya, ciki akwai wani ƙaton fayil na XML, bayanan shekara biyu, tsohuwar kwamfutata ta sandare sai da na yayyanka shi da Python, harshen rubuta manhaja. Zanen ECG suna cikin jaka daban a matsayin CSV, lambobi kusan 512 a kowace daƙiƙa, waɗannan sun yi daɗin aiki. Bugun yau da kullum kuwa duk giɓi ne, wani wuri minti-minti, wani wuri babu komai don agogo na caji ko an ɗauke wuta.

Abin da ya kusa kunyata ni gaban malamina shi ne HRV, wato sauyin tazara tsakanin bugu da bugu. Na jera nawa da na abokina mai Fitbit ina kwatantawa, ashe Apple da wata dabara mai suna SDNN yake lissafi, Fitbit da wata mai suna RMSSD. Mudu biyu ne daban. Wani abu kuma, takardar PDF ɗin nan tana ɗauke da suna da ranar haihuwa, mutane na ta jefa ta a zaurukan WhatsApp ana neman fassara. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ba za ta dawo maka da abin da ka watsa da hannunka ba.

Anti Amarya: Ni kam mijina ya ƙwace nawa. Sau 20 nake gwadawa a rana, in agogon ya ce bai gane ba sai in kwana ina kuka. Ashe hunturu ne, fatata ta bushe, ɗan jiƙa wuyan hannu kawai ake yi. Wata biyu ban sa ba, barcina ya dawo.

Abban Sadiƙ: Na gode 'yan uwa, Allah ya saka da alheri. Shekaranjiya abin ya taso mini a shago da la'asar, na zauna a kan buhu na ɗora yatsa. Agogon ya nuna bugu 172 a minti, ya ce bugun ya yi sama da yadda zai iya rarrabewa, amma zanen ya fito tsaf. Na bi shawarar Maman Hanifa, na buga biyu da ɗaya na lafiya kamar yadda Likita ta ce. Likitana ya daɗe yana kallo, ya ce wannan a jere yake, bai yi kama da na Hajiya ba, ya liƙa takardar a cikin fayil ɗina. Ranar Talata za a ɗaura mini Holter, ƙaramar na'urar da ake yawo da ita a jiki tana ɗaukar bugun zuciya, na awa 24. Wanda ya taɓa sawa, ya ake yi da wanka?