Me za mu kira "minimal pairs" da Hausa?

Malamar JSS: Assalamu alaikum malamai. Ina neman sunan Hausa na minimal pairs, wato kalmomi biyu da sauti ɗaya tak ya raba su, kamar pan da fan, ban da van. Tagwayen kalmomi zai yi?

Malamin kwalejin ilimi: Wa alaikumus salam Malama. Littattafan tsarin sautin Hausa na cewa zubin kamantau, misalinsu baki da baƙi, kafa da ƙafa. Aibin tagwaye, yara za su kawo miki right da write, waɗanda furucinsu ɗaya ne. Sannan kada sunan ya ambaci harafi. Laugh da lap rubutunsu ya yi hannun riga, amma a furucin Amurka sautin ƙarshe kaɗai ya raba su.

Malami daga Maraɗi: Zubin kamantau ya yi wa ɗan sakandare nauyi. A aji tagwaye sun fi shiga kai, sai a ƙara "masu bambancin sauti ɗaya". Kuma ku fara da misalin Hausa: gari na mutane da garin tuwo. Nan take suke ganewa.

Malamin kwalejin ilimi: Na yarda, amma a kula. Misalin gari yana sa yara su ɗauka ship da sheep tsawon wasali ne kawai. A ship harshe kan ɗan sauka ya saki.

Malamar JSS: P da f ne suka fi ba mu wahala.

Malami daga Maraɗi: Don f ɗinmu da leɓɓa biyu ake yin sa, wani ya ce f, wani p, a wajenmu ma har h. Na Turanci haƙoran sama ne kan leɓen ƙasa, iska na zirarewa. P kuwa a rufe leɓɓa a sake su. A riƙe guntuwar takarda gaban baki, in an furta p za ta motsa. Kunne za a fara horarwa: ki faɗi kalma, su ɗaga yatsa ɗaya in ta farko suka ji, biyu in ta biyu ce, sai sun daina kuskure su fara furtawa. Tagwaye 5 ko 6 sun isa darasi guda.

Malamar JSS: Madalla. Zubin kamantau a tsarin darasi, tagwaye masu bambancin sauti ɗaya a allo. Na gode malamai.