Tsadar haya a cikin garin Katsina: masu komawa bayan gari, ya kuka ƙare?

Mai tambaya, Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum 'yan uwa. Mai gidan da nake haya ya aiko dillali, wai in kuɗina sun ƙare bayan Sallah sai na ƙara rabin abin da nake biya, ko in ba shi makullinshi. Ciki da falo ne fa, bayan gida ma na haɗaka. Ana ba ni shawarar in koma wajen Batagarawa ko Babbar Ruga. Wanda ya taɓa yin wannan ƙaura ya faɗa mani gaskiya don Allah.

Malamin firamare, Batagarawa: Wa alaikumus salam. Yallaɓai, ni na yi. Hayar da sauƙi kam, amma ka ɗauki biro ka yi lissafi tukuna. Na tashi kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lokacin lita ba ta kai naira 200 a gidan mai ba. Kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,000. Abin da na rage a haya, mashin ya shanye shi tas. Kullum da asuba sai na girgiza tanki na kasa kunne, in na ji shiru na san yau sai Napep biyu kafin in isa makaranta. Yara uku kuma suna karatu cikin gari. Albashi mafi ƙanƙanta 70,000 ne, ina zai kai? Wallahi ran 15 ga wata aljihu ya riga ya bushe.

Mai ɗinki, Sabuwar Unguwa: Yaya, ka tambayi ruwa kafin komi. Inda ƙanwata ta koma famfo bai kai ba, kullum sai kurar ɗan ga-ruwa, in zafi ya yi ma sai an roƙe shi.

Ɗan kasuwa, Tudun Matawalle: Ku yi wa masu gidaje adalci kaɗan. Siminti da kwano sun tashi, sannan 'yan uwanmu na Batsari, Safana da Jibiya da 'yan bindiga suka raba da garuruwansu duk nan suka dawo. Ɗakin zaurena ma iyali guda ne a ciki, mutum bakwai, ban karɓi ko kwabo ba. Ɗaki ɗaya mutum goma na nema, ina dillali zai saurari kukanka?

Ma'aikaciyar jinya, 'yar Daura: Ni na haƙura da hayar baki ɗaya. Yara suna Daura wajen Inna, ina kwana gidan gwaggona a Rafindadi, Juma'a in bi motar KTSTA, ta hukumar sufurin jiha, in tafi gida. Ƙaramin har ya fara yi mani ƙyuya.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Malam, na yi lissafin da ka ce, bambancin bai kai kuɗin buhun masara ba. Gobe in sha Allahu zan ɗauki limamin unguwa mu je wurin mai gidan da kanshi, ko zai yarda in biya kashi biyu.