Wane kare ne zai jure doguwar tafiyar ƙasa a zafin Kano?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mafarauta da masu kiwon karnuka, don Allah ku agaza min da shawara.

Duk Asabar bayan sallar asuba nakan taka daga Kabuga in hau Goron Dutse, wani zubin har Dala. Yanzu ina so in fara tafiyar yini guda a yankin Tiga da Rurum, kuma ina neman karen da zai raka ni, da dare ya yi gadin gida.

A watan Afrilu na gwada German Shepherd ɗin wani abokina. Ko kilomita 5 ba mu ci ba ya zube a gindin darbejiya, harshe waje. Da ƙyar mai adaidaita sahu ya yarda ya ɗauke mu, sai da na ninka masa kuɗi. Ban ga laifin karen ba, gashinsa ninki biyu ne, zafin bazararmu kuwa yakan haura digiri 40.

Hankalina ya fi karkata ga Azawakh, siririn karen Buzaye na Nijar da Mali, tunda Sahel ce mahaifarsa. To a ina zan samu na asali a Kano? Ko karen mafarautanmu na gida ma ya wadatar? Kuma ya kuke yi da kaska bayan an dawo daga daji?