Shimano 105 ko Ultegra Di2 don keken tseren agogo?

Ɗan Ader:
Assalamu alaikum. Na samu jikin keken tseren agogo (tseren da ake auna lokacin kowane mahayi), na hannu, wani ɗan'uwa ya turo mini daga Kwatano, amma babu giya babu sarƙa. Ina atisaye da asuba bisa hanyar Dosso. Kayan giyar Shimano 105 mai jan waya zan sa, ko in daure in sayi Ultegra Di2 mai aiki da batir? Aljihun dai, sai a hankali.

Baban Keke:
Wa alaikumus salam ƙanena. Di2 daɗi gare shi: kana kwance bisa sandunan ɗora hannu na gaban keke, taɓa maɓalli kawai, giya ta shiga. Amma nawa, wayar batir ta tsinke lokacin hunturu, na zagaye kasuwannin Katako da Wadata na Yamai ban samu irinta ba, wata biyu keke na jingine a zaure. 105 kuwa kowane mai gyara zai canza maka waya. Hanyar nan ba tudu sosai, nemi babban farantin sarƙa na gaba mai haƙori 53, ragowar kuɗin ka zuba a tayoyi.

Mai Sarƙa:
Yaya ya faɗi gaskiya. Ka dai tabbatar adadin giya ya dace: sarƙar 12 daban, ta 11 daban. Kuma ƙurar Yamai, goge sarƙa kullum.

Ɗan Ader:
Na gode. 105 ɗin ke nan.