Wanda aka yi wa addu'ar warkarwa, sai ya daina shan magani?

MaiNema: Salama 'yan'uwa. Yaya ake yin addu'ar marar lafiya bisa tsarin Littafi Mai Tsarki? Kuma in mutum ya ji sauƙi bayan an ɗora masa hannu, ci gaba da magani rashin bangaskiya ne?

Dattijo: Ɗana, tsarin yana cikin Yaƙub 5:14-16. Marar lafiyan ne ke kiran dattawan ikkilisiya, su shafa masa mai da sunan Ubangiji, su yi addu'a, in akwai zunubi a furta. Lura, dattawa aka ce, ba mutum ɗaya ba, kuma ba a ambaci kuɗi ba. Ɗigon man zaitun a goshi ya isa. A Katolika fada ne ke shafawa a goshi da hannuwa, da man da bishof ya tsarkake. Man alama ne, ikon na Allah ne.

Nas_Mai_Bi: Baba ya faɗi daidai. Batun magani kuwa, a nan ake rasa rayuka. Jin sauƙi daban, warkewa daban. Maganin tarin fuka na wata 6 ne, amma tari kan lafa tun farkon makonni. A daina nan, cutar ta dawo, wataƙila ta ƙi jin magani. Mai ciwon suga nau'i na 1 in ya bar allurar insulin, jininsa na iya lalacewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai farfaɗiya in ya yanke magani farat ɗaya, faɗuwar na iya zuwa a jere ba tsayawa. Hawan jini kuma ba ya sallama.

Yesu da kansa ya tura kutare 10 su nuna kansu ga firistoci, masu duba kuturta a lokacin (Luka 17:14). A koma a maimaita gwajin da ya gano cutar. Likita ne zai rage magani.

Katekis: Haka ake yi a Lourdes ta Faransa, wurin ziyarar ibada na Katolika inda marasa lafiya ke zuwa neman warkarwa. Tun 1883 akwai ofishin likitoci. Kafin a amince warkewa al'ajibi ce, sai cutar ta kasance mai tsanani kuma tabbatacciya da takardu, warkewar ta zo nan take, cikakkiya, ta ɗore shekaru, magani bai bayyana ta ba. Cikin dubban da suka yi shelar sun warke, kimanin 70 aka amince al'ajibi ne.

Dattijo: Kada kuma a ce wa wanda bai warke ba bangaskiyarsa ce ta gaza. Wannan maganar na ci mini rai. Bulus ya roƙa sau 3 ba a cire masa wahalar da ya kira ƙaya a jikinsa ba, ya kuma bar Tarofimas a Militas ba lafiya.